Fankar da Ba Ta Aiki Sai Ana Kallonta

A shekarar da matar Hamma ta samu cikin fari, Dada ta yanke hukuncin cewa babu kazar kasuwa da za ta shiga tukunyar sunan jikanta. Da hannunta za ta kiwata su. Muna cin tuwo ta faɗi haka, da irin muryar da take cewa a kashe talabijin, don haka babu wanda ya tanka. Ni dai na ci gaba da suɗe miya, ban san hutuna ne ake shirin yankawa ba.

Dada mahaifiyata ce, haka muke kiranta. Hamma babban yayana ne, yana zaune da matarsa a Mayo Gwoi. Mu kuma muna Majidaɗi, ni da Dada da Goggo, yayar Baba, wadda ta zo jinyar ƙafa tun ina firamare, ƙafar ta warke ita kuma ta zauna. Baba aiki ya kai shi Wukari, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Ni ce auta, kuma a gidanmu auta ita ce wadda ake aika.

Aka kawo 'yan tsaki cikin kwali mai huji-huji, aka zuba su a tsohon sito da ke bayan kicin. Da farko har ina sa musu suna. Kafin in ankara sun zama wasu fararen ƙattai masu ci kamar an aiko su, ba sa gane kowa sai buhun abinci. Dada kuwa kamar ta goya su. Kafin ta tafi ofis sai ta leƙa su, da ta dawo ko mayafi ba ta cirewa sai ta leƙa su. Duk matan ofishinsu sun san labarin kajin nan. Surukarta ma, mahaifiyar matar Hamma, an faɗa mata kada ta wahalar da kanta da batun nama.

Sai zafi ya shigo. Wanda bai taɓa yin watan Maris a Jalingo ba zai ce ina ƙari, amma na taɓa ganin ƙadangare ya hau katangarmu, ya taka, ya fasa, ya koma. Siton kuma rufin kwano ne, da rana ta take sai ya zama tanda. Kajin su baje a ƙasa, fukafukai a sake, baki a buɗe, maƙogwaro na ta bugawa.

Maƙwabciyarmu, wata malamar asibiti 'yar Zing da ta daɗe tana kiwo, ta leƙo ta katanga ta ce, "Mama, wannan kaji zai mutu fa. Kaji na agirik ba ya ɗaukan zafi. Ka nema masa iska."

Fanka kam akwai, da wani ƙaramin batir da inbata da ke cika idan an kawo wuta da dare. Matsalar ita ce batirin bai da ƙarfi. In an kunna fankar tun safe, kafin ainihin zafin ya zo ta mutu. Dole sai rana ta take a kunna, in ta yi sanyi a kashe. A lokacin kuwa Dada na ofis, ni ina makaranta, Goggo kuma ƙafarta na dawowa duk sa'adda aka ambaci bayan kicin. Ban da haka ba ta taɓa abin lantarki, ta ce ba ta gaji mutuwar gaggawa ba.

Hamma ne ya zo da mafita a cikin wata 'yar leda. Ya fito da wani abu kamar akwatin ashana, ya ce wannan yana auna zafi. Ya fito da wani farin soket, ya ce wannan yana kunna kansa. Sannan ya fito da tsohuwar wayarsa mai fashin fuska, ya ce ita ce 'yar aike a tsakaninsu. Akwatin ashana zai gaya wa wayar an yi zafi, wayar ta gaya wa soket, soket ya kunna fanka. Duk ta wata manhaja da ya sa a wayar.

"Daga yau gidan nan ya zama gida mai wayo," in ji shi.

Goggo ta ce, "Mu da muke ciki tun tuni fa?"

Ya rataye akwatin a jikin ƙusa, ya ajiye wayar a kan tagar siton, ya sa na kawo kofin shayi mai zafi. Ya kara kofin kusa da akwatin. Sai soket ya ce ƙyas, fanka ta fara juyawa ba wanda ya taɓa ta. Goggo ta ja da baya tana neman tsari. Dada ta sa wa Hamma albarka har ta haɗa da jikokin jikokinsa. Ni ma na ji daɗi, don da ma na fara jin ƙanshin cewa aikin zai faɗo kaina.

Ranar Litinin na dawo daga makaranta, tun daga bakin ƙofa na ji gidan shiru. Na jefar da jaka na zagaya baya. Fanka a tsaye. Kaji a kwance, suna kallona da ido ɗaya. Na ɗauki wayar, na buɗe manhajar. Ko gama buɗewa ba ta yi ba sai ƙyas, fanka ta kama aiki da ƙarfinta, kamar tun safe take yi.

Na gane halin nan take, don nawa ne. Idan aka sa ni wanke-wanke, hannuna na cikin ruwa ne kawai ina tunanin duniya, sai na ji takun Dada in kama dirzar tukunya kamar zan huda ta. Ban taɓa zaton akwai injin da ke da irin tarbiyyata ba.

Washegari haka, wanshekare haka. Na riƙa gudu daga makaranta, ƙawayena na tsayawa sayen ƙanƙara ni ina keta layi kamar wadda kare ya biyo. Na faɗa wa Dada, Dada ta kira Hamma, Hamma ya ce sai Asabar.

Da ya zo ya ɗauki wayar, ya buɗe manhajar, ya ce a kawo shayi. Ya kara. Ƙyas.

"To ina matsalar?"

"Ai don kana kallonta ne, Hamma."

"Waya ce fa, ba 'yar aiki ba." Ya juyo ya kafe ni da ido. "Ko dai akwai mai ɗaukarta tana kallon rawa?"

"Wace rawa? Ko data babu a ciki. Fuskar ma yankan yatsa take."

"Yaya aka yi kika san babu data?"

Goggo ta ce, "Tambaye ta dai. Wadda ta mayar min da ƙarar waya kukan akuya, na je gaisuwar mutuwa aka yi ta neman akuya a ƙarƙashin tabarma."

Ba ƙarƙashin tabarma ba ne, bayan ƙofa ne, amma na ga ba lokacin gyara tarihi ba ne. Hamma ya sake gwadawa, ta sake yi. Ya ci abinci, ya ja min kunne, ya hau mashin ɗinsa.

A satin ƙarshe kafin hutu aka tsare mu a makaranta saboda gyaran aji. Ban iso gida ba sai bayan la'asar. Na tarar da biyu daga cikin manyan sun miƙe ƙafa a kusa da mazubin ruwa. Na kunna fanka, na yayyafa wa sauran ruwa kamar yadda malamar asibiti ta koya mana, na tsaya ina jiran Dada.

Na shirya wa faɗa. Har na tsara amsoshina. Amma da ta shigo ta gani, sai ta wuce ni. Ta sunkuya da kayan ofis ɗinta ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ta shafa bayan guda, ta kai su bayan gida. Ta dawo ta zauna a kan turmi. Can ta ce, ba da ni take ba, "Na riga na faɗa wa mutane."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Cikin matar Hamma ya tsufa amma da saura, zafi kuma ko alamar sauka bai yi ba. In aka ci gaba a haka, kafin jaririn ya iso babu abin da zai rage sai fanka.

Da magariba Hamma ya kira, aka sa shi a sifika. Ya ce, "Tunda ta ce sai ana kallonta take aiki, ai shi ke nan. Hutu ya zo. Ta zauna ta riƙa kallonta."

Haka aka naɗa ni. Daga hantsi zuwa la'asar, kullum, in zauna a sito in riƙe waya a buɗe, duk sa'adda fuskarta ta yi duhu in taɓa. Ƙawayena sun shirya zuwa koyon lalle a Yelwa, ni kuma an haɗa ni da kaji da warinsu. Na ce wa Goggo in na mutu a binne ni nesa da kaji. Ta ce za a duba.

Akwai wata al'ada a gidanmu da ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba, don da ita na tashi. Wata shekara an kawo wuta da ƙarfin tsiya, ta cinye talabijin da dutsen guga da rediyon Baba a lokaci guda. Tun daga ranar Dada ba ta fita ta bar abu a jikin soket. Kafin ta tafi ofis sai ta zagaye gida ɗaki-ɗaki tana zare waya. Kuma saboda ba a san ranar dawowar wuta ba, duk wayar hannu da ta tarar sai ta sa mata tanadin batir, sannan ta danna 'yar tsintsiyar nan da ke share duk abin da aka bari a buɗe. Tata, ta Goggo, har ta baƙo in ya yi sakaci. A gidanmu alamar batir kullum ruwan ɗorawa ce, har na girma ina zaton haka ake ƙera ta. Ni kuma kullum kafin ta fara zagayen na riga na tafi makaranta.

Ranar farko ta hutu na tafi sito tun da sassafe, don kowa ya ga irin zaluncin da ake min. Na kifa bokiti na zauna, na ɗaure hanci da ɗankwali. Ina jin Dada a cikin gida tana zare-zarenta. Sai ga ta da jaka a kafaɗa. Ta gaishe da kajin, ta duba ruwansu. Fankar da batirinta ba ta taɓa su ba, don Hamma ya roƙe ta. Amma ta miƙa hannu kan taga ta ɗauki wayar, ta goge fuskar da gefen mayafi, ta ja yatsa daga sama, ta danna tanadi. Ta danna tsintsiya. Ta mayar da ita a hankali ta juya za ta fita.

Na sauke ɗankwalin daga hancina. "Dada, me kika yi yanzu?"

"Me na yi?"

"Wayar."

"Na sa mata tanadi mana. Ki bar ta haka batir ya ƙare kafin rana ta yi? Wa zai kunna musu fanka?"

"Kullum kike yi?"

"Kullum. Ina wasa da abin kajina ne?"

Dariya ta taso min tun daga cibiya. Ni da aka ce ina kallon rawa. Na buɗe baki zan fara, na riga na hango yadda zan ba da labarin nan har a gidan sunan. Na ce, "Dada, tsintsiyar nan fa ba ta san manhajar Hamma ba. Duk abin da ta tarar sharewa take. Tanadin kuma yana hana ta tashi, sai in wani ya buɗe ta da hannu."

Ban kai ƙarshe ba na ga ta gane. Ta dubi wayar, ta dubi wurin mazubin ruwa inda biyun nan suka kwanta. Ta sauke jakarta ƙasa, cikin dusar katako da kashin kaji, jakar da ko ni ba a bari in taɓa.

"Ke nan ni ce," in ji ta.

Dariyar ta koma inda ta fito. Na ce, "Bari mu kira Hamma tukuna. Ƙila ma ba haka ba ne. Ni ai kin san baki ne da ni."

Hamma ya saurara. Sannan ya ce, "Kai. Ban taɓa kawo wannan ba." Ya ce wa Dada ta kwantar da hankalinta, irin wayoyin nan ko ba a taɓa su ba da kansu suke kashe manhajar da ke aiki a ɓoye, wai don batir ya daɗe. Ya ce shi ya kamata tun ranar farko ya shiga saiti ya hana, ya manta. Ban sani ba ko gaskiya ce tsantsa ko ya ƙara gishiri don Dada. Na dai ga kafaɗunta sun ɗan sauka.

"Ba auta wayar," in ji shi. "Shiga saiti. Shiga batir."

"Babu batir."

"Kamar yaya babu batir?"

"Akwai kula da na'ura, akwai tsaro, akwai wani abu mai hoton ganye."

"A tawa batir ne."

"Ai taka ce wannan ɗin ma, Hamma."

Muka yi ta yawo a cikin wayar nan kamar baƙi a babbar kasuwa. Mu shiga nan mu tarar da ƙofa, mu buɗe mu tarar da wata. Fuskar ta yanke ni a yatsa. A wani lungu muka samu inda ake ba manhaja izinin aiki ko fuskar waya a kashe take. A wani lungun daban, wanda ba shi da alaƙa da na farko, muka samu inda ake barinta ta tashi da kanta. Wayar ta yi ta gargaɗina cewa batir zai sha wahala, na ce ya sha. Daga ƙarshe Hamma ya sa na danne hoton manhajar har alamar wani ɗan kwaɗon kulle ta fito a kanta, ya ce yanzu ko an yi shara tsintsiya za ta tsallake ta.

Na ce, "Hamma, akwai wani abu da ya rage."

"Me?"

"Batun rawa."

"Network ba kyau," in ji shi, ya kashe.

Saura gwaji. Kuma gwajin nan ba ya yiwuwa da kofin shayi, tunda mun san halin wayar. Dole a kashe fuskarta, a fita, a bar ta ita da zafin Allah. Na ajiye ta a taga, na ja ƙofar raga ta siton, na koma gindin mangwaro inda ake jin motsin bayan kicin. Dada ta kakkaɓe jakarta ta tafi ofis a makare.

Rana ba ta kai tsaka ba sai ga keke napep ya tsaya a ƙofar gida. Dada ce. Ta ce kanta ke ciwo. Ta jawo kujera kusa da ni, ko takalmi ba ta cire ba. Goggo ma ta fito, ƙafarta lafiya lau, da mafici a kowane hannu.

"In abin naku ya ƙi, ni zan shiga," in ji ta. "Kafin a yi waya da me ake fifita?"

Zafi ya yi ta hawa. Inuwar mangwaron ta tsuke har muka haɗa gwiwa. Daga siton muna jin kajin sun rage surutu, kuma mun san abin da wannan ke nufi. Dada ta miƙe, ta zauna. Ta ce in je in leƙa. Na ce in na leƙa ta ganni ai an ɓata gwajin. Ta ce waya ba ta da ido. Na ce wannan tana da shi.

Malamar asibiti ta leƙo ta katanga. "Mama, lafiya kun zauna kamar ana jiran sakamako?"

"Fanka muke jira."

"Ka kunna shi mana."

"Shi zai kunna kansa."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da take wa marasa lafiya, ta sauka.

Dada ta ce, "Da an kira azahar zan shiga, ko ta yi ko ba ta yi ba. Ba zan ƙara rasa ko ɗaya don gwaji ba." Na ce to. Gumi na bin bayana, ina ta addu'a a zuci, rabi don kaji rabi don lalle. Lasifikar masallacin layinmu ta yi ƙara, ladan ya hura ta yana gwadawa. Dada ta dafa gwiwa za ta tashi.

Ƙyas.

Ƙaramar ƙara ce, da akuya ta yi atishawa a lokacin da ba mu ji ba. Sai kuma muka ji fankar ta ɗauka, da 'yar girgizar nan tata. Goggo ta ajiye mafici ɗaya ta fara fifita kanta da ɗayan. Dada ta zauna daram, ta zare takalmanta, ta rufe fuska da tafin hannu tana hamdala. Ni kuwa na kwanta a kan tabarma na miƙe ƙafafu, na ji kamar an sauke min buhun masara daga ka.

Bayan sallah muka leƙa tare. Kajin sun taru a gaban fankar, gashinsu na kaɗawa, wasu har sun koma kan abinci. Wayar na kan taga, fuskarta baƙi ƙirin. Dada ta ƙara musu ruwa, ta tsaya ta daɗe tana kallonsu. Da yamma ta yi sanyi muka sake jin ƙyas, fankar ta tsaya da kanta.

Washegari ma ta yi. Da aka kwana biyu tana yi ba fashi, Dada ta ce in shirya in bi ƙawayena Yelwa. Ban tsaya jin ƙarshen maganar ba, don kada ta tuna da wani aike.

Ba a ƙara rasa ko ɗaya ba. Ruwan farko ya sauka, sannan matar Hamma ta haifi mace. Ranar suna Dada ta ja kujera ta zauna kusa da manyan tukwane a Mayo Gwoi, ta ƙi shiga ɗaki duk da kiran da ake mata. Duk matar da aka miƙa wa faranti sai ta bi ta da ido har ta kai nama baki, sannan ta ce, "Na gida ne."